Zazzaɓin La'asar

Mubi,
Talata, 3 ga Oktoba.

Zuwa ga Addata Hansai,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da duk mutanen gida. Yaya mutanen Betso, yaya cirar gyaɗa? Yaya 'ya'yanki Sumayyat da Abdullateef da na bar miki? Ina fatan ba su hana ki sakat ba.

Tunda wayarki ta faɗa kogi ba ni da hanyar jin muryarki, shi ya sa na koma wa biro da takarda kamar muna makaranta. Hapsatu mai ƙuli-ƙuli ta ce duk Talata in ta shigo kasuwa za ta biyo ta asibiti ta karɓa ta kai miki.

Yau kwananmu biyar a asibiti. An ba maigidana Mahmoud gado a ɗakin maza. Ina yini wurinsa, in magariba ta yi in wuce gidan Goggo a Shuware in kwana. Jikin nasa yana nan yadda kika gan shi. Da safe garau, har ya sha kunu ya yi hira. La'asar na yi sai sanyi ya kama shi, haƙora na haɗuwa, daga nan zafi, daga nan gumi har sai an sauya masa riga. Ga ciwon baya, ga na gwiwa. An ɗora shi a sikeli, Adda, mutumin da ke kayar da ɗan bijimi shi kaɗai, yanzu da kaɗan ya fi ni nauyi.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne, an soki yatsarsa an ɗiga jinin a wani ɗan farin abu, aka ce ba maleriya. Aka sake ɗiba aka kai ɗakin gwaji, nan ma babu. To sau biyar ɗin nan da muka sayo maganin maleriya a kemis tun Babbar Sallah, me muke ta kashewa? Kin san ni da tambaya. Na tare wata nas, Sista Margret, 'yar Michika ce, dattijuwa mai fara'a. Ta ce min zazzaɓi ba shi ne ciwon ba. Ta kwatanta min shi da haushin kare: yana gaya miki wani abu ya shigo gida, amma bai ce miki ɓarawo ne ko baƙo ba. Maleriya sauro ke kawo ta. Taifod daga ruwa da abinci marasa tsabta take, takan zo da ciwon ciki. Sanƙarau yana riƙe wuya. Dukansu da zazzaɓi suke sallama. Ta ce gwajin taifod ɗin nan ma da aka yi masa a waje aka ce yana da ita, gwaji ne da kan yi ƙarya, ba a dogara da shi kaɗai.

Ɗakin nan makaranta ce, wallahi. Gadon da ke hannun damansa akwai Baba Dennis, tsohon malamin firamare daga Gude. Ciwon suga gare shi, da gyambo a ƙafa. Na ce ashe Baba mashayin shayi ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ko rake bai dame shi ba. Wai tuwo da shinkafa da rogo duk suga suke komawa a cikin jini, kuma akwai wani sinadari da jiki ke yi mai shigar da sugan inda zai yi amfani. In sinadarin ya gaza, sai sugan ya taru yana ɓarna. Shi ya fara ganewa ne da ƙishirwa da yawan fitsari, yana ci yana ramewa, har ya lura tururuwa na taruwa inda ya tsuguna. Ƙafafunsa sun daina ji. Ƙaya ta soke shi a gona bai sani ba sai da wurin ya yi ruwa. Ya ce mahaifiyarsa ma da shi ta rasu, yana bin jini.

Can ƙarshen ɗaki kuma wani direba ne, bai kai hamsin ba, ɓarin jikinsa ya shanye. Hawan jini ne. Matarsa ta rantse min bai taɓa kwanciya ciwo ba, yana wanke mota kawai ya faɗi. Sista ta ce haka yake, yakan shekara goma a jikin mutum bai yi motsi ba. Nan da nan na tuna ciwon ƙeyar nan da kike yawan yi. Don Allah ki je asibitin unguwa a auna ki, ba allura ba ce, hannu kawai ake ɗaurewa. Ki kuma rage gishiri da dunƙule a miya.

Ki shafa min kan yaran. A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Na'imatu.

Mubi,
Talata, 10 ga Oktoba.

Addata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da maigidanki da yara. Yaya gajiyar gona? Hapsatu ta kawo amsarki da ƙullin yakuwa, useko, na gode. Na ji daɗi da kika ce Abdullateef ya daina kukan nemana, ko da yake wani ɓangare na zuciyata ya ɗan ji haushi.

Har yanzu ba a gano ba. Likitan da ke duba shi sunansa Dakta Zira, matashi ne, ba ya da yawan magana amma yana saurare. Ya fara da zargin tarin fuka, saboda rama da gumin nan. Na ce ai ba ya tari. Ya ce ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yakan shiga ƙashin baya ma. Kin taɓa jin haka? An ɗauki hoton ƙirji, an gwada majina, babu. Na samu labarin ta iska ake ɗaukarsa, in mai shi ya yi tari a ɗaki marar taga, kuma ana warkewa sarai in an jure shan magani wata shida. Na tuna Kawu da aka ware wa kwano da moɗa har ya rasu. Da mun sani.

Sai aka koma kan hanta. Ashe shawarar da muke faɗa iri-iri ce. Akwai wadda ake sha a ruwa, akwai wadda ke bin jini, ta aska ko reza ɗaya da ake aski da ita, ko daga uwa zuwa jariri. Ita wannan har rigakafi gare ta. Tasa hantar ta ɗan kumbura, amma ba waɗannan ba ne.

Akwai gwajin da na yi ta jinkirin rubuta miki. Ranar Alhamis aka kira mu wani ɗan ofis mu biyu, aka ce za a duba ƙanjamau, ni ma in na yarda. Adda, mintin ashirin ɗin da muka yi muna jira, babu kasuwar shanun da ban bi shi a zuciyata ba. Na ƙirga kwanakin da yake yi a hanya, na tuna sunayen garuruwa, na kasa kallon fuskarsa. Shi kuwa carbi kawai yake ja. Da aka ce mu duka babu, sai kunya ta rufe ni, don na zarge shi bai sani ba. Ke kaɗai na gaya wa. Matar ofishin ta ce ko da an samu ma ba ƙarshen duniya ba ne, akwai masu shan magani shekara ashirin suna noma suna haihuwa lafiya.

Na sayi littafin rubutu. Sista Margret ta koya min karanta ma'aunin zafi, ina rubuta lamba safe da yamma. Na kuma zauna na tuno tun daga Sallah: sai ya yi kamar sati biyu yana zazzaɓi, ya lafa kwana bakwai ko goma har mu ce maganin kemis ya yi, sannan ya dawo. Na nuna wa Dakta. Ya daɗe yana kallo, ya ce in ci gaba. Da na tambaye shi mene ne, bai ɓoye min ba, ya ce bai gano ba tukuna.

Wannan gaskiyar tasa ce ta jawo mana. Ranar Lahadi Bappa Hamman, ɗan'uwan mahaifinsa, ya zo. Kin san tun rasuwar mahaifin Mahmoud, maganar Bappa ita ce magana a gidan. Da ya ji likita da bakinsa ya ce bai gano ba, sai ya ce to shi ke nan, ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa. Ranar Juma'a zai zo da mota a kai shi wurin wani mai magani a wajen Sahuda. Mahmoud bai musa ba. Ya gaji da allura, kuma hankalinsa na kan garkensa.

Jiya aka cire wa Baba Dennis yatsun ƙafa biyu. Da ya farfaɗo ya ce min wata biyu ya yi yana barbaɗa gari a gyambon kafin ya zo, da ya zo da wuri da yatsunsa na nan. Ina jin tsoro, Adda. In aka fitar da shi daga nan ban san wa zan ƙara tambaya ba. Kuma ni suruka ce, me zan ce wa Bappa?

Ki gaida yaran, ki ce Babansu na samun sauƙi.

Taki,
Na'imatu.

Mubi,
Alhamis, 12 ga Oktoba.

Adda,

Salamu alaikum, ina fatan kuna lafiya. Ki yafe gajeriyar gaisuwa. Ban jira Talata ba, na ba maƙwabcinku Emmanuel mai babur da na gani a bakin asibiti.

Kafin komai: madarar da ake kawo muku daga garken Mahmoud, kada ki sake ba yara, kada ke ma ki sha, sai an tafasa ta ta yi tafasa sosai. Nonon da aka riga aka kwantar da ɗanyar madara ki zubar. Ki aika a gaya wa masu tatsa.

Ga dalili. Jiya da hantsi Bappa ya dawo shirin tafiyar Juma'a. Yana zaune a baranda yana ba Baba Dennis labari, ni ina gefe ina wanke kwanuka. Yana lissafa masa shaidar cewa jifa ne. Ya ce a duba, farkon damina shanu uku suka yi ɓari a jere, babban bijimi gwiwoyinsa suka kumbura, cutar shanun nan bakkale ta shiga garken da bai taɓa saninta ba, ba a yi wata ba mai garken ya kwanta. Ya ce in ba hannu ba, me zai haɗa ciwon saniya da na mutum?

Sai na tsaya da wankin. Ni ma tambayar ta kama ni, amma ta wata fuska. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce, "Bappa, da suka yi ɓarin, wa ya ciro musu mabiyiya?" Ya juyo ya dube ni kamar kwano ne ya yi magana. Ya ce wa kuwa in ba Mahmoud ba, da hannunsa har gwiwar hannu.

Na bar kwanukan na sami Sista Margret tana rabon magani. Na ce, "Sista, mutum na iya ɗaukar ciwon saniya?" Na gaya mata abin da na ji. Ta ajiye tiren, ta kama hannuna har ofishin Dakta. Ya yi ta jero tambaya. Yana shan madara da ɗuminta daga tatsa? Na ce kullum safiya, tun yana yaro. Hannunsa na da rauni lokacin? Na tuna igiya ta yanke shi a tafin hannu. Dakta ya dafe goshi. Ya ce ranar farko sun tambaye shi sana'a ya ce kasuwanci, ba wanda ya tambayi lafiyar shanun.

Ya ce ƙwayar cutar da ke sa bakkale tana shiga mutum ta ɗanyar madara, ko ta ruwan haihuwa da mabiyiya in sun taɓa rauni. Alamarta ke nan: zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumi, ciwon baya da gaɓoɓi, rama. Tana yawan sa gwajin taifod ya nuna akwai, shi ya sa ake ta shan maganin da ba nata ba. Amma ya ce zato ne, sai an tabbatar. An ɗebi jini an aika Yola, zai kai sati ko fiye.

Gobe Juma'a. Ban san yadda za mu ƙare da Bappa ba. Ki tafasa madarar, don Allah.

Na'imatu.

Mubi,
Talata, 24 ga Oktoba.

Zuwa ga Addata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa gare ki da maigidanki da yara da duk wanda ya tambaye mu. Yaya aikin gida, yaya ɗawainiyarmu? Allah ya saka miki da alheri. Ki yafe min rashin takarda satin da ya wuce, ban so in rubuta ba ni da abin faɗa. Na ji kin je awo an ce jininki ya ɗan hau. Ki riƙe maganin, ko kin ji garau kada ki ajiye.

Bari in fara da Juma'ar. Bappa ya zo da mota kamar yadda ya ce. Na durƙusa a gabansa a baranda, mutane na kallo, na roƙe shi kwana goma. Na ce in sakamako ya zo babu, ni da kaina zan naɗe tabarma mu tafi. Ya ce yaushe aka fara haka a gidansu, mace na tsayar da tafiya. Muryarsa har cikin ɗaki. Sai ga Mahmoud ya fito yana dafa bango. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya mayar wa Bappa magana ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Bappa, a yi mata haƙuri da kwana goman nan. Ita ta san zazzaɓin nan fiye da ni." Bappa ya sallami motar, ya tafi bai yi mana sallama ba.

Kwana tara jinin ya yi. Ranar Juma'ar da ta wuce sakamako ya iso, kuma ita ce. Adda, na yi murna da jin mijina na da ciwo, kin ji abin mamaki. Amma ciwon da aka san sunansa daban ne.

An ɗora shi a kan magani iri biyu. Ɗaya yana mayar da fitsari ja kamar manja, har gumi da hawaye, an ce kada mu tsorata. Ɗayan ba a haɗa shi da nono, sai an ba da tazara. Sati shida ne mafi ƙaranci, saboda ciwon bayan nan nasa ma wataƙila a kai wata uku. Dakta ya ja min kunne: zai ji sauƙi da wuri ya ce ya warke, in ya bari a rabi ciwon zai dawo. Jiya da shekaranjiya la'asar ta yi ta wuce, ina riƙe da bargo ina jira, shiru. Har ya nemi tuwo da miyar kuka.

Mai wuyar ita ce maganar garke. Za a turo likitan dabbobi ya ɗebi jininsu. Waɗanda aka samu dole a raba su da sauran, ba a warkar da su, 'yan maruƙa kuma akwai rigakafi. Da aka gaya wa Mahmoud ya juya fuska bango. Wasu shanun tun na mahaifinsa ne. Daga baya ya ce a yi, 'ya'yansa ke shan nonon.

Ciwon ba ya bin numfashi ko cin abinci tare, kada kowa ya guje shi in mun dawo. Amma duk wanda ya sha madarar a duba shi in yana zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi. Ki zo da yaran Talata mai zuwa tare da Hapsatu, hankalina zai fi kwanciya. Baba Dennis an sallame shi, ya bar min saƙon gaisuwa gare ki ko da bai san ki ba.

Saura labari ɗaya. Bappa ya zo ranar da sakamako ya fito, ya saurari Dakta ya tafi. Jiya da safe sai ga shi kuma. Bai shiga ɗaki ba, ya aika a kira ni gindin mangwaron da ke bayan ɗakin maza. Na je na durƙusa. Ya ce in tashi. Ya yi ta gyaran hula, sannan ya ce, "'Yata, ciwon nan yana iya kai shekara biyu a jikin mutum?" Na ce Dakta ya ce yana iyawa. Sai ya faɗa min abin da yake ɓoyewa. Ashe tun bara waccan ƙugunsa ke ciwo, yamma na yi sanyi ya rufe shi, yana sa rigar sanyi a ƙarƙashin babbar riga don kada a gane. Sau uku yana zuwa wurin mai maganin Sahudan nan a ɓoye. Ko matarsa ba ta sani ba.

Ya ce, "Ni ban san yadda ake yi musu bayani ba. Ke kin iya tambaya. Shige gaba ki kai ni."

Shekara tara ina gidansu ban taɓa tafiya a gabansa ba. Haka muka ratsa baranda, ina gaba yana biye, har ofishin Dakta. Ni na yi bayanin, yana gyaɗa kai yana cewa haka ne. Da Sista Margret ta fito da sirinji ya naɗe hannun riga, sai na ga dattijon nan da duk Betso ke shakka ya runtse ido gam, ya miƙo min ɗaya hannun. Na riƙe har aka gama.

Ki gaida maigidanki da yaran, ki ce wa Sumayyat Babanta ya ci tuwo malmala biyu. Allah ya bar zumunci, ya ba mu lafiya mai amfani.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Na'imatu.